Fina-finai Masu Dogon Zango da Shirye-shiryen Gaskiya: Abin da Ya Kamata Mai Kallo Ya Sani

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san zamanin da talabijin take da lokacin buɗewa da na rufewa. Sai wajen la'asar NTA take fara aiki, kafin dare ya raba a yi taken ƙasa a rufe tasha. Wasan kwaikwayo kuwa mako-mako yake zuwa: Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, ko Karambana na Ƙasimu Yero, ko Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. In aka ɗauke wuta a daren, sai dai ka ji labari a bakin yaran wata unguwa. Yau abin kallo ya fi ƙarfin mai kallo. Na Hausa kaɗai da ake saki kowane mako mutum ɗaya ba zai iya bin su duka ba, balle a haɗa da na Indiya da Turkiyya da Koriya da Amurka. Tunda lokaci da data ba su isa a kalli komai ba, dole a zaɓa, kuma babu abin da ke taimaka wa mai zaɓe kamar ya san wanda ya biya kuɗin yin shiri da hanyar da yake bi ya mayar da kuɗinsa. Wannan ne ke yanke tsawon shirin, da irin labarin da zai bayar, har da abin da zai yi shiru a kai.

A fara da na gida. Tun daga Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa kayan kasuwa ne: a buga shi a kaset, daga baya a faifan CD, dillalai su saya a Kano su rarraba har Agadas da Kumasi. Labari yakan ƙare a faifai ɗaya ko biyu, in ya yi tsawo ya kai na huɗu. Abin da ya kashe wannan kasuwa sananne ne. Masu satar fasaha sun yi nasu ɓarnar, sannan wayar hannu ta zo ta ƙarasa. Ka shiga kowace kasuwa a Arewa za ka ga ɗan shago da yaro zaune gaban kwamfuta, igiyoyin caji sun harɗe a kan tebur, mutane na miƙo waya ko memori suna cewa a tura musu sabon da ya fito. Abin da ake biyansa bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa ko sisi ba ya isa hannun wanda ya yi fim ɗin. Furodusa ya zuba miliyoyi, fim ya zaga ƙasa cikin kwana biyu, shi kuma ya tashi da bashi.

Ana cikin haka tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, tana watsa shirye-shirye da Hausa dare da rana ta tauraron ɗan Adam. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka aka kafa ta, ta hannun ƙungiyar Equal Access, a lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, kafin daga baya ta koma kamfani mai cin gashin kansa. In ka san wannan, za ka gane dalilin da ya sa Daɗin Kowa ya zo a yadda ya zo: gari guda da Musulmi da Kirista ke zaune tare, da 'yan gudun hijira, da matasan da ake ruɗa da tsattsauran ra'ayi, da masu shaye-shaye. Wannan bai rage wa shirin daraja ba. Rigimar Kamaye da Adama a cikin shirin ta shiga bakin mutane ne don an rubuta ta da kyau, kuma Daɗin Kowa ne ya nuna cewa Bahaushe zai zauna ya bi labari ɗaya shekara da shekaru. Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019 da ƙagaggiyar jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikaɗa, ya taɓo maguɗin zaɓe da asibitin da babu magani da ɗan jaridar da ake saye. A ganina har yanzu zangonsa na farko yana cikin mafi ƙarfin abin da aka rubuta wa talabijin da Hausa.

Kullen korona na 2020 ne ya buɗe ƙofar gaba ɗaya. Mutane na zaune a gida, sinima a rufe, sai ga Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube, ga Labarina na Aminu Saira. Da sauran furodusoshi suka ga irin jama'ar da ke jiran kowane sabon kashi, sai kowa ya karkata can. Fim mai dogon zango ya zama shi ne sana'ar, gajeren fim ya koma na jefi-jefi.

A nan ne ya kamata mai kallo ya fahimci yadda YouTube ke biya, domin shi ne sirrin abubuwa da yawa da ake ƙorafi a kansu. Kafin tasha ta fara samun rabon kuɗin talla, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Bayan haka, a dogayen bidiyo, mai tasha yana karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan da aka saka, kamfanin ya riƙe sauran. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, ba a farko kaɗai ba, don haka kashi mai awa ɗaya yana ɗaukar talla sau da dama. Sannan kuɗin talla ba ɗaya ba ne a ko'ina: mai kallo daga Ingila ko Saudiyya ya fi kawo kuɗi a kan mai kallo daga Gusau, saboda masu talla a can sun fi biya da tsada. Tunda yawancin masu kallon fim ɗin Hausa a Najeriya da Nijar suke, abin da ke shigowa a kan kowane kallo kaɗan ne. Hanyar cike giɓin ita ce a tsawaita, a kuma yawaita.

Shi ya sa za ka ga mota ta tsaya a ƙofar gida, an yi hon, maigadi ya fito da gudu, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya koma ya buɗe ɗayan, motar ta shiga a hankali, Alhaji ya fito, ya gyara babbar riga, an gaisa, an tambayi gajiya da iyali da kasuwa, minti uku sun tafi ba a faɗi abin da ya motsa labarin ba. Shi ya sa kuma ake yanke kashi daidai lokacin da aka ɗaga hannu za a yi mari, ko aka buɗe ƙofa ba a nuna wanda ya shigo ba. Tallan da ke katse wasan ma iri biyu ne. Akwai na YouTube, akwai kuma wanda furodusa ya karɓo da kansa ya dasa a cikin fim: atamfa da leshi, filaye, makarantu, maganin gargajiya. Na biyun babu wanda ya tace maka shi. Ganin fuskar jarumin da kake ƙauna a kan kwalbar magani ba shaida ba ce cewa NAFDAC ta san da zamanta.

Wani abin da wannan tsari ya haifar shi ne yawancin shirye-shiryen ana rubuta su ne ana ɗauka ana saki, ba a san inda za a tsaya ba. In jama'a sun karɓa a ƙara zango, in sun juya baya a bar labarin a rataye. In jaruma ta yi aure ko aka saɓa da ita, sai a wayi gari wata ce ke amsa sunanta, ko a ce ta yi tafiya. Masu bin Labarina sun ga haka bayan fitar Nafisa Abdullahi, wadda ta fara fitowa a matsayin Sumayya. Ga kuma hukuma. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dage cewa abin da za a saka a intanet ma sai ya bi ta hannunta, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo su an tace ba. Shawarata ga wanda ba ya son ɓacin rai ita ce ya bari zango ya kammala kafin ya fara, ya kuma tambayi wanda ya gama ko labarin ya je wani wuri.

Na ƙasashen waje ba sai an daɗe a kansu ba, don kowa ya san nasa. Indiya tsohuwar zuma ce a ƙasar Hausa, kuma fassarar da irin su Algaita ke yi ta sa har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana bin labarin, ko da yake mai fassara kan ƙara nasa gishirin, wani lokaci ma barkwancinsa ya fi na ainihin fim ɗin. Dogayen wasannin Indiya na Zee World da ire-irensu don gidajen talabijin masu neman cike kowane dare aka yi su, shi ya sa suke kai kashi ɗari-ɗari, a mutu a dawo, a manta a tuna. Na Koriya akasin haka ne, yawanci kashi 16 ko 20 an gama, sai na tarihi irin Jumong da ya kai 81. Na Amurka da Turai da ake kira sizin, tun daga 24 da Prison Break har zuwa Game of Thrones mai zango 8, an fi kashe musu kuɗi, amma da yawansu don manya aka yi su, kuma ba sa kunyar nuna tsiraici ko zubar da jini. Kamfanoni irin Netflix kuɗin wata suke karɓa, ba talla ce ginshiƙinsu ba, don haka burinsu ka gama kashi ɗaya ka zarce na gaba. Da gangan aka sa na gaban yake fara kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi.

Inda nake so a yi hattara shi ne wasannin tarihi. Ertugrul, wanda gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya, TRT, ya nuna daga 2014 zuwa 2019, ya samu karɓuwa a wurinmu saboda salla da zikiri da jarumtaka da ke cikinsa. Amma abin da tarihi ya tabbatar game da Ertugrul, mahaifin Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya, ɗan kaɗan ne ƙwarai. Kusan duk makirce-makircen da yaƙe-yaƙen da hirarrakin marubuta ne suka ƙaga, kuma ƙasar da ta biya tana da hoton kanta da take son duniya ta gani. Haka wasan Sayyadina Umar da MBC ta nuna a azumin 2012, wanda malamai suka yi saɓani a kansa saboda nuna fuskokin sahabbai, da na Annabi Yusuf da aka yi a Iran. Ko Turawa sun yi wannan rigimar a gidansu: a 2020 ministan al'adun Birtaniya ya nemi Netflix ta rubuta a jikin The Crown cewa ƙagaggen labari ne, don kada matasa su ɗauka tarihin gidan sarautarsu ke nan. Ka kalla ka ji daɗi, amma kada ka kafa hujja da shi a majalisa.

Sai ɓangaren da aka fi yi wa rowar ido, wato shirin gaskiya, wanda ake kira dokumentari. A nan babu jarumi babu rubutaccen wasa; mutane ne na gaske da wurare na gaske. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Majigin da ake kafawa a ƙofar fada zamanin Turawa da farkon mulkin kai yawancinsa irin wannan ne, ana nuna tsafta da allurar rigakafi da noman zamani, kuma fim ɗin Baban Larai ma don a koyar da noman auduga aka yi shi. Wato tun farkon haɗuwarmu da shi, shirin gaskiya yana da mai shi, kuma mai shi yana da buƙata.

Wanda ke son tarihin nahiyar nan yana da abubuwa uku da suka cancanci lokacinsa. Basil Davidson ya yi Africa a 1984, kashi 8, har ya zo Kano ya nuna fada da birni a matsayin shaidar cewa Afirka ta san mulki da kasuwanci tun kafin Turawa. Ali Mazrui, masanin Kenya, ya yi The Africans a 1986, kashi 9, inda ya kafa bayaninsa a kan gado uku da suka haɗu a jikin ɗan Afirka: na gargajiya, na Musulunci da na Turawa. Shirin ya fusata wasu a Amurka saboda yadda ya caccaki Yammacin duniya. Na kusa-kusa shi ne History of Africa na Zeinab Badawi, 'yar asalin Sudan, wanda BBC ta fara nunawa a 2017, aka gina shi a kan littattafan tarihin Afirka na UNESCO, kuma masanan Afirka ne ke magana a cikinsa. Yana nan a YouTube kyauta. Duka ukun da Turanci suke, kuma abin takaici ne a ce masu fassara sun juya ɗaruruwan fina-finan Indiya zuwa Hausa amma irin waɗannan suna nan ba mai waiwayarsu.

Na namun daji su ne suka fi sauƙin shiga gida, don ba sa buƙatar jin harshe sosai, kuma uba zai kalla da 'ya'yansa ba tare da ya riƙe rimot a hannu ba. Planet Earth na BBC, wanda ya fito a 2006 da muryar David Attenborough, kashi 11 ne, an kuma shafe shekaru ana ɗaukarsa. Sai dai ko a nan akwai hannun mutum. Yawancin ƙarar taku da tauna da kake ji a ɗakin haɗa sauti aka saka su, domin kyamarar tana nesa da dabbar ƙwarai. A 2011 an yi ce-ce-ku-ce da aka gano cewa jariran farar dabbar ƙanƙara da aka nuna cikin raminsu a Frozen Planet a wani gidan namun daji na ƙasar Holan aka ɗauke su, aka haɗa da hotunan daji.

Shirye-shiryen binciken ƙwaƙwaf su ne suka nuna ƙarfin wannan fanni a Najeriya. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen Africa Eye na BBC ya saki Sweet Sweet Codeine, inda Ruona Meyer da abokan aikinta suka ɗauki ma'aikatan kamfanonin magani a ɓoye suna sayar da maganin tari mai kodin ta bayan fage, suka kuma nuna matasa ɗaure da mari a wani gidan gyaran hali a Kano. Ba a kwana biyu ba gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin da shigo da shi. An daɗe ana kuka da kodin a masallatai da gidajen rediyo, amma sai da aka ga hoton. A 2019 Kiki Mordi ta yi Sex for Grades a kan malaman jami'a masu lalata da ɗalibai a Legas da Ghana, aka dakatar da wasu. A 2022 kuma Trust TV da BBC kowannensu ya shiga dajin Zamfara ya yi hira da 'yan bindiga. Gwamnati ta ce an ɗaukaka 'yan ta'adda, hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5, tare da wasu kamfanonin da suka watsa na BBC, daga baya kotu ta soke tarar. Muhawarar ba ta wasa ba ce. Akwai mai ganin miƙa wa ɗan bindiga makirufo ƙara masa girma ne, akwai mai ganin ba za a magance abin da ba a san tushensa ba. Ni ina tare da na biyun, muddin an ba waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa lokaci daidai da na masu kisan.

Abin da mutane da yawa a Najeriya ba su sani ba shi ne, wasu daga cikin shirye-shiryen gaskiya mafi kyau da aka yi da bakin Hausa daga Nijar suka fito. Sani Elhadj Magori, ɗan Galmi, ya yi fim a 2008 a kan albasar garinsu: ya bi wani manomi da ya ɗora auren 'yarsa a kan abin da gonar albasa za ta bayar, ana jiran girbi ana kallon farashi yana hawa yana sauka. Babu mai sharhi da ke faɗa maka abin da za ka ji, manomin da iyalinsa ne kawai ke rayuwarsu. Aïcha Macky ta yi Zinder a 2021, ta shiga unguwar Kara-Kara a Damagaram, wadda asalinta matsugunin kutare ce, ta zauna da matasan da gari ke tsoro, masu ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya, ta bar su suka faɗi yadda suka tsinci kansu a haka. Irin waɗannan da tallafin ƙasashen waje ake yin su, shi ya sa suka fi yawo a bukukuwan fina-finai na Turai da Wagadugu fiye da wayoyin mutanen da aka ɗauka. Dalilin ƙarancinsu a Kannywood ma kuɗi ne: shirin gaskiya yana cin watanni ana bin mutum ɗaya, ya fito sau ɗaya, ba shi da kashi na gaba da za a jira.

Giɓin da aka bari wasu ne suka cike shi. YouTube da TikTok sun cika da tashoshi masu kiran kansu na tarihi ko na tona asiri, murya ce kawai a kan hotunan da aka tsinto, yanzu ma har da waɗanda kwamfuta ta ƙirƙira. Gane su ba wuya. Shirin kirki yana faɗin sunan wanda ya yi shi da wanda ya ɗauki nauyi, yana nuna masu magana da sunansu da matsayinsu, yana faɗin wuri da shekarar da aka ɗauki hoto, kuma in ya zargi wani yakan nemi jin ta bakinsa ko ya ce an nema ya ƙi. Wanda ya rasa duk waɗannan, ya kuma zo da take mai tayar da hankali, hira ce irin ta teburin mai shayi da aka yi wa kiɗa.

Saura batun aljihu da na yara. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kallo a waya ya ƙara tsada. Netflix da kanta ta ce awa ɗaya a mafi ƙarancin inganci tana cin kusan 0.3GB, a matsakaici 0.7GB, a na HD har 3GB. Wato kashi ɗaya zai iya cin ninki goma na wani, alhali a fuskar ƙaramar waya bambancin ba ya wani fitowa. A YouTube ka shiga saitin bidiyo ka mayar da shi 360p, ko ka sauke shi da garaɓasar dare ka kalla da rana. Mai dish na kyauta kuwa yana samun Arewa24 da tashoshin Hausa da dama ba tare da biyan kuɗin wata ba, matsalarsa wuta ce kawai. Game da yara, lambobin da ake sakawa a kusurwar allo, 13 ko 16 ko 18, shekarun da suka dace da kallon ne, kuma manhajoji irin Netflix suna da wurin da za a ware wa yaro nasa shafin a kulle na manya da lambar sirri. YouTube ma yana da na yara daban. Amma fim ɗin da aka turo a memori ba ya zuwa da lamba ko kulle, kuma mai shagon ba ya tambayar shekarun wanda aka aiko da wayar.